Hoton da Na Ɗauko Daga Ƙasan Rijiya

Shekarun baya, tun kafin yawancinku ku san ni a nan, na tafka wata wauta da har yau ba ta bar ni ba. Da yawa cikinku kun sha tambayata labarin hoton nan na rijiya, wanda fuskoki suka kewaye haske suna dariya. Kullum sai in ce dogon labari ne, in wuce. To, yau ga shi.

Lokacin ban daɗe da barin hoton biki ba. Shekara shida na yi a wani ɗan shago kusa da tashar Dogon Dutsi, ina ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na ƴan lekol, wato ƴan makaranta, ranar Asabar kuma in bi amare da masu suna. "Ɗaga haɓa, kada ki ƙifta," shi ne aikina safe da yamma. Daga baya na samu shiga wani horo na masu hoto a Yamai. A can na fara gane cewa akwai hoton da ba don tuna fuska ake ɗaukarsa ba, ana ɗaukarsa ne don mutum ya tsaya gabansa ya yi shiru. Matar da ke koyar da mu ta baza hotunana a kan tebur, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce suna da kyau, amma duk wanda ya sauko daga mota da kamara mai tsada zai iya ɗaukar irinsu. Ta ce in nemi wurin tsayuwar da ni kaɗai na sani. Yanzu na gane abin da take nufi. A lokacin kuwa, ga ƙuruciya ga son a ce na iya, sai na ɗauka wuri na gaske take nufi, inda ƙafa ke takawa.

Na dawo gida da bazara, na ce rijiyoyin yankinmu, ƙasar Arewa, zan yi aiki a kansu. Ina da wani abokina Bafillace da muka yi lekol tare tun muna ƙanana, shi ya bari a aji biyar ya koma kiwo. Rugarsu tana can gaba da Geceme, kusa da wata tsohuwar rijiya da suke shayar da shanu, mutanen ƙauye kuma suna ɗibar na sha. Ni Ba'are ne, wato ɗan ƙasar Arewa, shi Bafillace, kun san wasan da ke tsakani. Ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Na hau moto, wato babur, na same shi, na zauna wurinsu.

Kwana tara ina zagaya rijiyar nan. Na ɗauki shanu suna layi a bakin komi. Na ɗauki mata da bidoni, jarkokinsu na ɗibar ruwa. Na ɗauki takarkari, wato san da ke jan guga, yana tafiya yana dawowa. Yadda suke yi, igiya tana bi ta kan wani ɗan gungume mai juyawa da aka ɗora a kan itatuwa a bakin rijiya, bakinta ɗaya a jikin guga, ɗayan a jikin sa. In sa ya yi tafiya, guga ya hau. Don haka tsawon hanyar da ya taka, shi ne zurfin rijiyar. Na taɓa bin hanyar nan ina ƙirgawa, na samu taki arba'in da biyu. Ya kamata a ce wannan kaɗai ya ishe ni gargaɗi.

Duk hotunan da na ɗauka, in na duba su sai in ga irin na jikin kalandar ƴan aikin agaji. Ran nan da tsakar rana ina leƙa rijiyar, sai na ga rana ta faɗa tsaf har ƙasa, ruwan yana walƙiya can nesa kamar idon kyanwa. Abin ya zo mini a take. Kowa daga sama yake kallon rijiya. Ba wanda ya taɓa nuna yadda rijiya take kallon mu. In na sauka na ɗaga kamara sama, zan samu da'irar haske, da igiyoyi suna saukowa, da fuskokin mutane a kewaye.

Da na gaya wa abokina, sai ya dube ni ya ce, "Kai Ba'are, rana ta taɓa ka. Tahi ka sha nono ka kwanta."

Na ce da gaske nake. Ya ce shi ma da gaske yake.

Akwai wani tsoho a ƙauyen, mai yasar rijiya. Shi ke shiga rijiyoyin yankin yana kwashe laka in sun cushe, tun yana saurayi. Abokina ya ce in dai na nace, sai mu ji ta bakinsa. Muka same shi a gindin itacen bedi yana tufkar igiya. Ya saurare ni har na gama, hannunsa bai daina tufka ba. Sannan ya ce, "Ɗana, rijiyar ga tana da iska. Balle da tsakar rana, in an bar ta ta huta. Kak ka shiga."

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da kunne ke fara ji in an ce iska. Tun muna yara ake hana mu leƙa rijiya da rana tsaka, wai lokacin aljana doguwa ke hutawa a ciki. Ni kuma ga ni na je Yamai na dawo, har da tabarau. Na yi murmushi na ce, "Baba, zan yi bisimilla."

Ya ce, "Bisimilla kowa na yi. Gobe ni tahi Tibiri, jibi in komo. Ka jira ni in saukar da hitila tukuna."

Na ce to. A raina kuwa na ce fitila kuma, wato wani tsafi ne za a yi mini kafin a bar ni in yi aikina.

Washegari da safe na ga gajimare ya fara taruwa ta gabas. Ranakun da rana ke tsayawa daidai bisa kai har ta kai ƙasan rijiya ba su da yawa a shekara, kuma in hadari ya shigo, shi ke nan sai baɗi. Na shiga damun abokina. Na roƙa, na yi fushi, na koma tsiya. Na ce ashe Fulani matsorata ne, sanda kawai suke riƙewa don ado. Na ce minti biyar kawai, in danna in fito. Na yi ta yi har gaban yayansa, har abin ya fara zama kunya a gare shi. A ƙarshe ya ce, "To. Amma yadda nic ce, haka za a yi."

Da rana ta take, ruwan rijiya ya ja baya kamar kullum, aka tsayar da shayarwa don ya taru. Shanu suka koma inuwa. Aka kwance guga, aka ɗaura wani guntun icce mai kauri a bakin igiya don in zauna a kai. Abokina ya kawo wata igiyar dabam ya zagaya ta ƙarƙashin hammatana, ya ƙulle ta a jikin babbar igiyar. Na ce, "Kai, ni ɗan maraƙi ne da za ka ɗaure ni haka?" Ya ce maraƙi ya fi ni hankali. Muka shirya cewa in na gama zan kira, ko in girgiza igiya sau uku, yayansa ya kora sa, in hau. Na roƙi mahaifiyar abokina, wadda duk muke ce wa Inna, da wasu matan ƙauye uku da ke jiran ruwa, su leƙo in na kai ƙasa. Suna ta dariya, wai yau sun ga ɗan birni zai zama guga.

Gaba biyu na farko ban ji komai ba sai daɗi. Sanyi ya buge ni bayan zafin nan na sama. Ina jin muryoyinsu sarai. Daga nan simintin da aka yi wa bakin rijiya ya ƙare, sai dutse ja, sai wani baƙi mai santsi. Igiya tana juya ni a hankali, ina kare kamara da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe igiya. Muryoyin suka fara canzawa, suka zama kamar ana magana cikin tulu. Na ɗaga kai, bakin rijiyar da mutum shida ke tsayawa a kewayensa ya koma kamar faifai. Na ƙara sauka, ya koma kamar bakin ƙoƙo. 

Suka tsayar da ni dab da ruwa, ƙafata tana taɓa shi. Wari ne na laka da tsohon ganye da wani abu mai tsami. Na jingina baya, na ɗaga kamara.

Jama'a, abin da na gani ya fi wanda na zana a kaina. Haske yana gangarowa kamar an zuba shi, ƙura tana yawo a cikinsa, kawuna biyar sun kewaye sama, gyalen Inna yana kaɗawa. Na danna. Na gyara, na sake dannawa. Na manta inda nake.

Ban san ko minti nawa na yi ba. Abin da na fara lura da shi, ina haki kamar wanda ya yi gudu, alhali zaune nake. Na ce tsoro ne, na ja numfashi mai tsawo. Ya shiga har ciki, amma kamar ban ja komai ba. Na sake ja. Babu. Kaina ya ɗauki sara ta bayan idanu, zuciyata tana dukan haƙarƙarina har ina jin ta a kunne. Sai na ji wani yana numfashi kusa da ni, a bayana, da ƙarfi. Na juya, igiya ta juya da ni, ba kowa sai bango. Na duba ƙasa, ga fuska a cikin ruwa tana kallona, baki buɗe. Na san tawa ce. Wallahi na san tawa ce. Amma duk labarin doguwar da aka taɓa ba ni tun ina yaro ya taso mini a lokaci guda, tabarau da Yamai ba su hana komai ba.

Na buɗe baki in kira abokina. Abin da ya fito bai kai kukan ɗan tsako ba. Babu iskar da zan tura muryar da ita. Na sake gwadawa, haka.

Na tuna maganar girgiza igiya. Na kama ta na ja. Sai a lokacin na gane abin da ko wawa zai gane tun a sama: igiyar da nauyinka ke rataye a jikinta ta miƙe ƙam, ba ta girgizuwa. Na ja, na ja, ko motsi. Yatsuna sun fara nauyi kamar ba nawa ba.

Abu ɗaya ya rage mini. Na kunna filash, hasken nan na kamara mai walƙiya, na ɗaga sama na danna. Na ce in sun ga walƙiya za su gane akwai matsala, tun da ban yi amfani da ita ba tun saukata. Na danna, na danna, na danna.

Sai na ji dariya ta gangaro.

Sun ɗauka hoto nake. Matan suka ƙara leƙowa, wata tana gyara ɗankwali, wata tana ɗaga mini hannu. Inna ma tana dariya. Duk walƙiyar da na aika, sai su amsa da shewa. Na taɓa jin tsoro a rayuwata, a mota, a asibiti, amma ban taɓa jin irin na wannan lokacin ba: ina kallon mutanen da ke ƙaunata, suna kallona, suna murna, ni kuma ina mutuwa a gabansu, ba su sani ba. Na yi ƙoƙarin yin kalmar shahada, ta tsaya mini a rabi, na manta abin da ke biye. Da'irar hasken ta fara tsukewa, gefenta yana yin baƙi.

Can sama na ji muryar abokina. "Ba'are! Ya isa, ko can za ka kwana?"

Ban iya amsawa ba.

"Kai bawan Hillani! Ubangidanka na magana!"

Wannan kalma, tun muna aji ɗaya ban taɓa barin ta ta wuce ba. Ko zazzaɓi nake, sai na rama. Daga baya ya gaya mini cewa shirun da ya biyo bayanta shi ya tsinka masa zuciya. Ya ce, "Da nij ji ba ka rama ba, na san ba lahiya."

Abin da nake iya tunawa na ƙarshe, yatsana yana kan madannin, dariya ta ɗauke, wani ya ƙwala ihu. Sai wata fizga mai ƙarfi, iccen da nake zaune a kai ya kuɓuce, na rataye ta hammata. Daga nan duhu.

Sauran labarin, gaya mini aka yi. Da abokina ya yi ihu, yayansa ya ɗaga sanda ya zabga wa san da dukan ƙarfinsa. Sa bai saba da irin wannan duka ba, ya zabura ya yi gefe maimakon ya bi hanyarsa. Igiya ta tsallake daga kan gungumen ta maƙale a tsakaninsa da iccen da ke riƙe da shi. Ba ta gaba, ba ta baya. Ni kuma ina rataye can ƙasa, ban fi gaba uku da tashi daga ruwa ba. Babu lokacin kwance ta. Abokina ya kwanta a bakin rijiya ya kamo igiyar ta ƙasan gungumen, ya fara ja da hannu. Yayansa ya rugo ya kama bayansa, Inna ta kama, matan nan uku suka watsar da bidoninsu suka kama. Igiyar roba ce, ga ta jiƙe. Sun kai wajen rabi sai ta suɓuce musu, na koma ƙasa da gudu. Abokina ne a gaba, ya damƙe ta yana ji tana cin hannunsa, bai saki ba har ta tsaya.

Na farfaɗo a kan yashi, kaina a cinyar Inna, tana shafa mini ruwa tana kiran sunan Allah da Fillanci. Na yi amai har sau biyu. Gefen fuskata da kafaɗata duk sun kurje a bango, ƙirjina kamar an taka. Kamara tana nan a wuyana, gilashinta ya tsage ta gefe. Abu na farko da na yi, Allah ya yafe mini, shi ne na laluba ta in ji ko tana nan. Sai na ga abokina zaune a ƙasa, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, tafin yana kallon sama. Babu fata a kansu.  Ko tsiya bai yi ba.

Yayansa ya ɗauke mu a kan motona, mu uku, zuwa likita, wato ɗan asibitin Geceme. Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya wanke hannuwan ya naɗe su, ya ce sai ya yi sati huɗu ko fiye bai riƙe igiya ba. Ni aka ba ni ƙwayoyi aka ce in je in huta. Sati huɗu, a tsakiyar bazara, ga mutumin da garkensa ke jiran hannunsa kullum kafin su sha.

Washegari tsohon nan ya dawo daga Tibiri, labari ya riga shi isowa. Bai yi faɗa ba. Ya aiko a kira ni bakin rijiya da tsakar rana, daidai lokacin da na shiga jiya. Ya kunna ƙaramar fitilar kananzir, ya ɗaura ta a siririyar igiya, ya fara saukarwa. Ya ce in leƙa. Na kwanta rub da ciki. Ina kallon wutar tana sauka lafiya lau, ja, tana rawa. Da ta kusa ƙasa sai ta fara ƙanƙancewa. Ta yi shuɗi. Ta mutu. Ba wanda ya hura ta.

Ya ce, "Ga iskar da nike hwaɗa maka. In guga na hawa na sauka, shina motsa ta. In anka bar rijiya ta huta, sai ta kwanta ƙasa."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, ni na ɗauka iskokai kake nufi."

Ya ci gaba da naɗe igiyarsa. Ya ce, "Waɗancan ban san su ba, ban taɓa gamuwa da su ciki ba. Wagga dai ita ta kashe min ƙanena, da wanda yas sauka ɗauko shi."

Sannan ya dube ni sosai, ya gaya mini abin da ban yi tunaninsa ba ko sau ɗaya. Ya ce da igiyar nan ta ƙi, abokina da kansa zai sauka, kuma gawa biyu za a fitar. Ya ce da an rufe rijiyar kwanaki, shanu da mutane su rasa ruwa a wannan zafi. Ya ce, "Kuma ka yi tunani, ɗana. Ɗan gari, mai kamara, ya mutu cikin rijiya ɗaure da igiya, Hillani na tsaye bisa kai. Jandarma su zo bincike. Wa za ya yarda kai ka roƙa? Kai kana ƙasa, ba ka iya shaida. Da rugar ga ba ta kwana nan ba."

Tsoron da na ji a ƙasan rijiya na jiki ne, ya wuce da na samu iska. Wannan na biyun shi ya zauna. Ni a lissafina, raina na sa a kasada, kuma nawa ne. Ashe ran abokina na sa, da sunan gidansu, da zaman lafiyar da suka yi shekaru suna lallaɓawa da mutanen ƙauyen.

Na koma Dogon Dutsi in canza kaya, na tarar mahaifiyata ta riga ta ji, wani ɗan kabu-kabu ya kawo mata. Ta dubi kurjin fuskata, ba ta tambayi yadda nake ji ba. Ta ce, "Shi wanda ya jawo ka, wa ka shayar mishi da shanu?" Na ce yayansa yana nan. Ta ce, "Shi ɗai? To mi kake yi nan?" Ta ƙulla mini sukari da shayi da man shafawa, ta ce kada ta sake ganina sai hannun yaron mutane ya warke. Sai da na kai ƙofa na waiwaya, na ga ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale.

Haka na koma ruga na zama mai jan ruwa. Kada ku so ku gani. Na zubar da guga ya fi a ƙirga, sa ya taka ni, matan ƙauye suka sa mini suna Guga. Abokina yana zaune a inuwa da hannuwa a naɗe, yana ba da umarni kamar sarki. Kwana biyar bai yi mini tsiya ba, kuma kwanakin nan biyar sun fi mini komai nauyi. A rana ta shida na saki igiya ta faɗa rijiya, sai na ji ya ce, "Kai, wanga bawa nawa, ko kyauta anka ba ni shi na yi hasara." Na juya baya kamar ina neman wani abu, don kada ya ga idona.

Sai bayan wata biyu na iya buɗe hotunan. Na farkon sun fito yadda na so, tsaf, kamar an zana. Ba su ne suka tsayar da ni ba. Waɗanda na ɗauka da filash ina neman ceto, su ne. Sun karkace, bango ya yi fari fat a gefe, can sama kuma fuskoki suna dariya, hannu a ɗage. Na ƙarshensu, kowa yana dariya ban da mutum ɗaya. Abokina ya leƙo fiye da kowa, bakinsa a buɗe, idonsa ya fito. Daidai lokacin da ya gane.

Da na kai su Yamai, wannan na ƙarshen kowa ya nuna. Aka ce shi za a sa a gaba a baje kolin hotuna. Da a da ne, da na amsa kafin a rufe baki. Na ce sai na tambayi masu shi. Na wanke su a takarda, na hau mota na koma ruga, na baza su a kan tabarma. Inna da matan suka yi ta dariyar kansu, suka ce a nuna, in dai za a kawo musu nasu. Abokina ya ɗauki na ƙarshen, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Waɗancan ka kai. Wanga ban so kowa shi gani." Ban tambaye shi dalili ba. Na bar masa takardar, na goge hoton daga katin kamara a gabansa. Shi ne hoto mafi ƙarfi da na taɓa ɗauka, kuma ba wanda zai gan shi. Wanda kuka sani, na kafin shi ne.

Tun daga nan aikina ya canza, ba don na zama mutumin kirki dare ɗaya ba, don dai na tsorata. Ina yin wata guda a wuri kafin in ɗaga kamara. In dattijo ya faɗi kalma, sai na tambaye shi me yake nufi, ko da ina ganin na gane. Kuma kafin kowane hoto ina tambayar kaina: in abin nan ya ɓaci, wa zai kwana da shi bayan na hau mota na tafi? Hotuna da yawa sun wuce ni saboda wannan tambaya. Wasu har yanzu suna mini ciwo. Masu rubutu a kan aikina suna cewa akwai natsuwa a cikinsa, akwai haƙuri. Ina karantawa in yi dariya ni kaɗai. Da sun san asalin haƙurin.

Har yau ba na iya zama a ƙaramin ɗaki in an rufe ƙofa. Bara aka sake rataye hoton rijiyar a wani zaure a Yamai, an buga shi babba, ya kusa tsayin mutum. Ina tsaye a gefe sai wata dattijuwa ta zo ta tsaya gabansa, ta daɗe tana murmushi. Da aka nuna mata ni, ta matso ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na daɗe ban ga hoton da ya faranta mini rai kamar wannan ba. Dubi yadda suke murna. Kai ma ka ji daɗi ranar nan, ko?"

Na dubi fuskokin, na dubi hannun da ke ɗage. Na ce, "Sun yi murna ƙwarai, Hajiya."

Na nemi izininta, na fita waje, na tsaya a bakin titi cikin rana da hayaƙin motoci, ina jan numfashi har ƙirjina ya cika.